Mai Laimar Ƙofar Yamma

Maƙwabcina, wanda ake ce wa Dakta tun bai gama karatun ba, ya ɗauki hotona ya haska wa ɗalibai, har da 'yata a cikinsu, ya ce su ga misalin jahili. Hoton da ni na ɗauko masa da hannuna, na kuma ce kar kowa ya gani. Abin da ya yi mini ke nan, kuma shi zan rubuta. Masu cewa in bar shi da Allah, na ji, na bar shi da Allah. Amma biro nawa ne.

A shekarar korona ne, lokacin kulle na farko. Muna zaune a unguwar Sri Petaling a Kuala Lumpur, hawa na tara, ni da babbar 'yata, uwarta da ƙannenta suna Kano. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Uwata nake ce mata. Tana karatun kwamfuta a wata jami'a a Bukit Jalil, da aka rufe gari sai ajin ya dawo cikin ɗakinta. Ni kuwa sana'ata kago ce, in haɗa wa 'yan kasuwa kaya in tura musu gida. Jirgi ya daina tashi, na koma zaman falo ina kallon fanka.

Ƙofar Dakta tana kallon tawa. Malamin jami'a ne daga gida, an turo shi karatun tsara birane. Irin mutanen nan ne da ko kantin ƙasan bene za su sauka sayen burodi sai sun rataya jakar kwamfuta. Shekara biyu muna haɗuwa a lif, gaisuwarsa ba ta wuce ɗaga gira ba. Na san dalili. Wani ya gaya masa a aji uku na sakandare na tsaya.

A watan da aka yi kullen ya kamata ya tafi Italiya wani taro. Babu wanda bai gaya wa ba, har mai gadi. Ya je Bukit Bintang ya sayo kwat ɗin sanyi mai gashi a wuya. Sai cuta ta zo, aka rufe ko'ina, kwat ya zauna a leda.

Ana saura kwana kaɗan azumi sai na ji ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga Dakta da takunkumi a haɓa da kwalin dabino a hannu.

"Alhaji, barka da yamma. An ce ka taɓa zama a Italiya."

Ban taɓa zuwa Makka ba, ya kuma sani. Amma ranar na zama Alhaji.

Na ce, "Shekara goma sha ɗaya."

"Ikon Allah. A wane gari?"

Na faɗa masa. Ba zan rubuta sunan garin a nan ba, kar wani dakta ya sake zuwa can ta cikin kwamfuta. Da ya ji sunan sai idonsa ya buɗe, ya ce ai garin yana cikin littattafan da yake karantawa, tsohon birni ne mai ganuwa irin ta Kano. Ya ce ko zan taimaka masa da ɗan bayani.

Haka muka fara. Kullum bayan la'asar sai mu fito da kujerun roba biyu mu zauna a baranda tsakanin ƙofofinmu, da tazara kamar masu gaba. Ya ɗora kwamfutarsa a kan kwali ya buɗe taswirar nan mai hoton titi, wadda kana danna kibiya tana tafiya da kai. Shekara goma sha huɗu rabona da garin. Da Ƙofar Yamma ta fito a gilashin sai da na ce masa ya dakata, na tashi na sha ruwa.

Ƙofofi huɗu ne a ganuwar, amma ta yamma ce tawa, don a nan motocin baƙi suke sauke mutane. Ba ƙofa ba ce kamar yadda kake tunani. Zaure ne na dutse, kaurinsa ya kai ka shimfiɗa tabarma uku a jere. Na nuna masa tsagin da ke jikin bango ta kowane gefe, inda a da ake sauko da ƙyauren ƙarfe daga sama. Na nuna masa ƙugiyoyin da ake ɗaure dawaki, da inda ƙafafun keken shanu suka cinye dutsen ƙasa har ya yi kwari biyu. Daga nan muka danna kibiya muka hau siririn titin da ke hawa tudu, wanda in mota ta shigo sai ka manne da bango, har muka fito babban dandali. Dandalin a karkace yake, in aka yi ruwa duk ya gangara kusurwa ɗaya. Babban cocin yana samansa, an gina shi da dutse fari da baƙi layi-layi kamar saƙi. Na ce masa babbar ƙofar nan ta tagulla kar ta ruɗe shi, sai ranar bikinsu ake buɗe ta, kowa ta ƙaramar ƙofar gefe yake shiga, wadda aka rataya wa labulen fata.

Yana rubutu kamar ɗan jarida. Can ya ɗago ya ce, "Alhaji, a ina ka karanta duk wannan?"

Na ce ban karanta ba. Masu yi wa baƙi jagora ne. Kowace safiya sai su zo da garken mutane su tsaya a bakin ƙofar, su ɗaga tuta, su fara bayani. Wannan da Italiyanci, wancan da Turanci, wata da Faransanci. Bayani ɗaya ne, har wurin da ake dariya ɗaya ne. Wanda ya ji abu kullum shekara goma sha ɗaya, ko icce ne ya haddace. Na san sarkin da ya gina ƙofar, na san garin da suka yi yaƙi da shi, na san shekarar da annoba ta cinye rabin mutanen har aka bar ginin hasumiyar coci ba a ƙarasa ba. Akwai wata mai jagora da in muryarta ta dushe sai ta nuna ni da wasa ta ce a tambaye ni.

Sauran kuwa babu mai jagoran da ya san su. Na gaya masa matakalar coci ta uku daga hagu ita ce rana take fara bugawa da hunturu, a nan ake shan ɗumi. Na gaya masa famfon da ke kusurwar dandali, mai bakin kifi, a nan nake alwala, ruwan yana yanka hannu kamar reza. Bayan hasumiya akwai wani lungu da ba mai bi, in ka sa ta a kafaɗar hagu ka fuskanci alƙibla. Sai wani ƙaramin coci a bayan kasuwa, mai duhu, mai warin kyandir, inda wani tsoho mai shara yake barin in ajiye kayana a bayan ƙofa. Bai taɓa tambayar addinina ba, ni ma ban taɓa tambayar abin da yake roƙo a gaban gumakan nan ba.

"Wane kaya?" in ji Dakta.

A nan ya kamata in yi shiru. A gida kowa ya san a kamfanin fata na yi aiki a Italiya. Haka na gaya wa mahaifiyata har ta rasu, haka na gaya wa matata, haka 'ya'yana suka taso suna ji. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, na yi wata huɗu a majema kafin a kore mu marasa takarda. Sauran shekarun laima na sayar a bakin Ƙofar Yamma. In rana ta fito, tabarau da bel. Ana shimfiɗa kayan ne a kan farin zani, a ɗaure igiya a kusurwa huɗu, bakin igiyar yana hannunka. Ka hango 'yan sanda, ka ja, zanin ya zama ƙunshi, ka saɓa ka bi lungu. Na iya wannan fiye da yadda Dakta ya iya sa hannu a takarda.

Na gaya masa. Zaman kulle yana sa mutum surutu, kuma shekara goma sha huɗu ba wanda ya tambaye ni garin nan. Ya gyaɗa kai ya ce ai sana'a sana'a ce.

Hoton kuwa gardama ce ta fito da shi. Na ce masa a saman ƙofar ta waje akwai kan zaki na dutse, hancin ya gutsure. A taswirar an rufe wurin da katako da raga, ana gyara. Ya duba littafinsa ya ce babu maganar zaki. Na ce akwai. Ya yi irin murmushin nan na malamai ya ce, "Wataƙila wani garin kake tunawa, Alhaji. Ka san ƙwaƙwalwa."

Na tashi na shiga ɗaki na buɗe akwati. Hoto ɗaya nake da shi na shekarun nan duka. Wata tsohuwa baƙuwa ce ta ɗauke ni da kyamarar da ke fitar da hoto nan take, ta miƙo mini ta wuce. Ina tsugune a gefen zanina, na miƙa laima sama wajen masu wucewa, na rame, hular sanyi har gira. A samana ga zaki da gutsurarren hanci.

Ya duba ya ce, "Lallai kuwa." Ko kunya. Sai ya zaro waya ya ce bari ya ɗauki zakin.

Na ce, "Dakta, Uwata ba ta san wannan ba. Zakin kawai za ka yanka."

"Haba Alhaji. Ai amana ce."

Bayan sallah ƙungiyar ɗalibanmu ta shirya lacca ta intanet, ranar Asabar da yamma, Dakta ne mai jawabi. Wai darasin da Kano za ta koya daga tsofaffin biranen Turai. Uwata ta turo mini hanyar shiga a waya, ta ce, "Baba, ka kalla, garinku ne." Ta shige ɗakinta da kwamfutarta, ni ina falo.

Sai ga Dakta a gilashi sanye da kwat mai gashi a wuya. A Kuala Lumpur. Ina jin ƙarar na'urar sanyaya ɗakinsa ta bango. Ya gyara tabarau ya fara: "Ranar da na fara shiga ta Ƙofar Yamma…"

Na gyara zama. Ya bi titina ya hau tuduna ya fito dandalina. Ya gargaɗe su kar babbar ƙofar tagulla ta ruɗe su. Ya zauna a matakala ta uku ya sha ɗumi. Har alwala ya yi a famfo mai bakin kifi, ya ɗaga hannunsa mai laushi ya ce har yau yana jin sanyin ruwan. Wallahi dariya na yi. Ban ji haushi ba. Na ce a raina mutumin da ya sayi kwat bai samu sanyi ba, bar shi ya ara.

Sai ya ce, "Yanzu zan nuna muku abin da ya fi ba ni tausayi a tafiyar."

Hotona ya cika gilashin. Ba zaki kaɗai ba, duka. Ya ja baƙin layi a kan idona, irin wanda ake yi wa ɓarayi a jarida.

Ya ce, "Wannan ɗan'uwanmu ne, Bahaushe, a can na same shi. Shekara goma sha ɗaya yana tsugune a ƙarƙashin tarihi, bai taɓa ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa ba. Na tambaye shi wa ya gina ƙofar nan, ya ce in sayi laima. Ƙannena, wannan shi ne bambancin mai ilimi da marar shi. Ku riƙe karatu."

A gefen gilashi yara suna ta rubutu yana hawa. Masu dariya, masu Allah ya kyauta. Sai wani ya rubuta cewa mutumin nan ya yi kama da Alhajin kago na hawa tara. Wani ya sa masa hoton dariya. Na kife wayar a kan kujera.

Ƙofar ɗakin Uwata ta buɗe. Ta tsaya a bakin ƙofa, abin sauraro yana rataye a wuyanta.

"Baba, ɗan yatsanka ne. Wanda ya lanƙwashe."

Na ce, "Ni ne."

"Kamfanin fatar fa?"

"Wata huɗu."

Ta tsaya tana kallon tayil. Ta ce duk ƙawayenta ta gaya musu babanta manaja ne a Italiya. Ban taɓa cewa manaja ba, ita ta ƙara, amma a kan ginina ta ɗora. Ta koma ta rufe ƙofa a hankali. Da ta buga ta da ƙarfi da ya fi mini sauƙi.

Kwana uku tana gaishe ni kamar baƙo. Ta dafa abinci ta zuba mini, ta ɗauki nata ta shige. Gidan ɗaki biyu ne, an hana fita, babu inda mutum zai kai fuskarsa. Dakta kuwa ya daina fitowa baranda, kujerarsa ma ya shigar. Matarsa ta aiko mana da dambu ta rataye a hannun ƙofa. Ban taɓa ba.

Ni laimar ba ta dame ni ba a lokacin, an riga an gani. Da ita na ci, da ita na aika gida, ban ɗauki na kowa ba. Na yi shirin in ta tambaye ni dalilin ɓoyewa in gaya mata gaskiya: kakarta ta sayar da gonarta aka yi mini hanya, ban iya rubuto mata cewa tsugune nake a bakin titi ba, daga nan kuma maganar ta fi ƙarfina.

Ba wannan ta tambaya ba. Rana ta huɗu ina shan shayi ta zauna a hannun kujera ta ce, "Baba, da gaske ka ce masa ya sayi laima?"

Na ajiye kofin. "Wa?"

"Dakta. Da ya same ka a can."

Sai a lokacin na gane. Ta yarda ya je. Ta yarda ya tsaya a kaina da kwat ɗinsa ya yi mini tambaya na kasa. Tana ganinmu a baranda kullum, amma ta ɗauka shi yake koya mini garin. Me zai hana ta ɗauka? Shi Dakta ne, ni kuwa ta kama ni da ƙarya kwana huɗu da suka wuce. In na ce mata bai taɓa zuwa ba, maganar wa za ta ɗauka?

Na ce, "Sa hijabinki."

Taku huɗu ne tsakanin ƙofofin. Na ƙwanƙwasa. Ya buɗe da singileti da takunkumi, ya ga ni ne, ya ga Uwata a bayana a bakin ƙofarmu, ya fara gyara tsayuwa.

"A'a, Alhaji. Ina ta so in leƙo, ayyuka ne suka…"

"Cire abin nan daga fuskarka, ina so in ga bakinka."

Ya sauke shi haɓa. Ni ma na sauke nawa.

"In maganar hoton nan ce, ai ka ga na rufe idon. Ban kuma ambaci suna ba. Salon koyarwa ne kawai, ana ɗan ƙawata misali don yara su…"

"Ka shiga ta Ƙofar Yamma?"

Ya dubi Uwata. "To, ka san bincike iri-iri ne. Akwai zuwa da ƙafa, akwai…"

"Ka ce ka shiga. Ka ce ni ban taɓa ɗaga kai ba. To kai da ka ɗaga, me ka gani a rufin zauren?"

Taswirarsa ba ta kallon sama a cikin zauren, duhu ne kawai, ni kuma bai taɓa tambayata ba. Ya ce, "Duwatsu ne dai, irin ginin baka na zamanin…"

Matarsa ta leƙo ta bayansa ta koma. Na ji Uwata ta matso taku ɗaya. Ban waiwaya ba.

Na ce, "Shuɗi ne. An shafe rufin da shuɗi an zana taurari da ruwan zinariya, duk sun kankare saura tara. A tsakiya akwai hannu, tafin hannu kawai, yana nuna cikin gari. Gefen arewa tsattsewa sun yi sheƙa, duk bazara suna dawowa, kashinsu ya ɓata mini laima ba adadi. Duk ranar da aka yi ruwa a nan nake fakewa, kuma mai sayar da laima sama yake kallo, Dakta, aikinsa ke nan. Ka ɗauki garin, ban hana ka ba, ba na ubana ba ne. Ka ɗauki alwalata ma na yi dariya. Amma yarinyar nan ita kaɗai gare ni a ƙasar nan, ka sa ta zauna kwana huɗu tana tunanin ubanta dabba ne da aka ɗaure a bakin ƙofa. Ni na yi mata ƙarya don ina jin kunyar abin da na yi. Kai ka yi don ba ka yi komai ba. Ga ta nan tsaye. Ba na son haƙurinka, ba na son dambun matarka. Ka dube ta ka gaya mata inda ƙafarka ta tsaya, ka kuma gaya mata a bakin wa ka ji sauran."